Abin da Ya Rage na Yaya Rakiya

Abu na farko da na gane a ƙasar Indiya keke napep ne. Na fito daga filin jirgi ina jan akwatina, zafi ya dake ni irin na garinmu Lafia kafin saukar damina, sai ga su nan jere, irin namu sak. Na ce a raina, ashe nan ne garinsu. Ganinsu ya sa na saki jiki na shiga na farko ba ciniki. Direban ya yi ta yawo da ni har na fara gane wata gada da muka riga muka wuce. Da na yi magana sai ya kaɗa kai gefe da gefe yana murmushi. Ban san ko e yake nufi ko a'a ba. Na biya abin da ya ce.

Sunana Hajara. Ni ba likita ba ce. Makarantar koyon aikin lafiya na yi, ɓangaren gwaje-gwaje, aikina a Lafia ɗibar jini ne da duba zazzaɓin cizon sauro. Rasuwar yayata ce ta kai ni Indiya. Yaya Rakiya agushi take sayarwa a kasuwa, sankarar bakin mahaifa ta ɗauke ta, ta bar yara ƙanana. Ba zan ba da labarin jinyarta ba. Wanda ya gani ya sani, wanda bai gani ba Allah kada ya nuna masa.

Likitar da ta duba ta, Dakta Awazi, 'yar ƙabilar Eggon ce, tana aiki tare da wani ɗakin bincike a kudancin Indiya. Wata alama suke nema a cikin naman bakin mahaifa, wadda za ta nuna macen da ke kan hanyar ciwon tun bai kama ta ba. Dakta ta roƙi matan da aka ɗan yanki namansu don gwaji su yarda a tura shi can, Yaya kuma ta yarda da bakinta. Naman bai kai ƙwayar wake ba. Ana daskarar da shi a cikin farin kaki irin na kyandir, ya zama ɗan dunƙule kamar sukari mai ƙwaya. Na mata da yawa aka tura, na Lafia da Agyaragu da Ashige, kowanne da lamba, babu suna. Daga baya aka ce a turo mutum ɗaya ya koyi aikin ya komo da shi gida. Dakta ta zaɓe ni.

Wadda ba ta yarda ba ita ce Innarmu. Inna ungozoma ce, rabin unguwarmu a hannunta suka faɗo duniya. Duk mabiyiyar da ta karɓa ita ke wanke ta, ta naɗe ta a tsumma mai tsabta, ta binne a bayan ɗaki. A wurinta, abin da ya fita daga jikin mutum ƙasa ce ke da shi. Bayan rasuwar Yaya magana ta bazu cewa asibiti na sayar da naman mata a ƙasar waje. Mata suka daina zuwa gwaji, Inna kuma ba ta ƙaryata ba. Abin da ta ce mini shi ne:

"An binne Rakiya da saura. Ki dawo mini da abin da ya rage nata, duka, in sa shi a ƙasa. In kin dawo da shi, da ƙafata zan kai muku mata. In ba ki dawo da shi ba, babu 'yar unguwar nan da za ta sake hawa gadonku ina raye."

Na yi mata alkawari. Dakta ma ta sa a yarjejeniyarsu cewa za a mayar da dunƙulen idan an gama. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ɗakin da wani dillali ya kama mini ta waya, wanda ya ce ana hango wurin aikin daga tagarsa, ba shi da taga. Wurin aikin kuwa sai an canza bas kafin a kai. Na shiga neman wani. Masu gida in sun ji ni a waya sai su ce akwai, in sun ga fuskata sai su ce an kama jiya. A cikin bas wata mata ta goga yatsa a hannuna, ta duba yatsan. Na ja hijabina na rufe hannun. Abincinsu akwai yaji, amma komai da tsami, komai shinkafa. Na yi kewar doyar Agyaragu. Na yi kewar miyar agushi, duk da tun rasuwar Yaya ban iya cin ta ba.

A bakin ƙofar wurin aikin akwai wata tsohuwa mai shayi. Ta ga hijabina ta yi mini sallama, ni ma na amsa, iyakar yaren da ya haɗa mu ke nan. Umma suke kiranta. Wata safiya ta ga idona ya kumbura, ta kama wuyan hannuna ta ja ni layi na gaba, ta hau da ni saman shagon ɗanta tela, ta buɗe wani ɗan ɗaki, ta nuna mini taga da yatsa kamar ta san labarin. A nan na zauna har na bar ƙasar. Da azumi ya zo, kullum kafin shan ruwa sai ta aiko mini da kunun shinkafar da ake rabawa a masallacinsu. Ya so ya yi kama da kunun gyaɗa, sai dai da gishiri.

Shugabar ɗakin binciken Farfesa Nalini ce, gajeriya mai furfura, ba ta ɗaga murya amma kowa na tsoronta. Wadda aka haɗa ni da ita Mina, sa'ata ce, mai surutu. Ba ta iya kiran sunana daidai ba, sai take ce mini "Najeriya", ni ma nake ce mata "Indiya". Ita ta koya mini injin yanka. Ana ɗaure dunƙulen kakin a jikinsa, a murza hannu, wuƙa ta fitar da yanka wanda ya fi ɓawon albasa sirantaka. A ɗora shi a kan ruwan ɗumi ya miƙe, a ɗauke shi da ɗan gilashi, a zuba masa sinadari, a duba a madubin gwaji. A ɗaki na gaba wasu suna kiwon ƙwayoyin sankara a cikin 'yan faranti, suna gwada musu magunguna. Mina ta ce yawancin magungunan ba sa yin komai, masu yi kuma sai an yi shekaru kafin su isa ga mutum.

Da dunƙulen koyo muka fara, na Lafia ba a taɓa su ba tukuna. Ranar farko na lura da wani abu. Kafin a samu yanka mai kyau sai an fere fuskar dunƙulen, ɓurɓushi ya zuba a tire, fari kamar gogaggiyar kwakwa, da ɗigo-ɗigon nama a cikinsa. Mina ta share shi da burushi ta juye a wani kwando.

Na ce, "Indiya, ina ake kai wannan?"

"Injin ƙona shara."

Mu ba a kusantar da wuta ga jikin mamaci. Na daure na ce, "Ba a ajiyewa?"

Ta kwashe da dariya. "Shara? Najeriya, miya za ki yi da ita?"

Na ji kunyar a ce baƙauyiya ta zo. Turancina ma bai kai in yi bayanin Inna da shi ba.

Da aka miƙo mini dunƙulen Lafia, ban san wanne ne na Yaya ba. Ƙa'ida ce kada mai yanka ya san mai naman. Sai na ga hanya ɗaya ce: kada in bar na kowa ya shiga wuta. Ina da robar man kaɗe da Inna ta sa mini a kaya, man ya ƙare. Na wanke ta na shanya. Duk dunƙulen da na ɗaura a inji sai in yi bisimilla, in ce a raina, "In ke ce, Yaya, ki yi haƙuri." In na gama sai in share ɓurɓushin cikin robar, in kai ta loka, ɗan kabad ɗina na wurin aiki, in ajiye a bayan sallayata.

Kowace Juma'a nakan kira gida. Inna ba ta tambayar aiki, ba ta tambayar abinci. Bayan gaisuwa sai ta ce, "Tana nan?" In ce, "Tana nan, Inna." Sai ta miƙa wa yara waya.

Robar ta kusa rabi lokacin da masu duba tsaftar ɗakin bincike suka zo zagaye, suka ce kowa ya buɗe lokarsa. Ba a jima ba aka kira ni ofishin Farfesa. Robata tana kan tebur a cikin leda, an manna mata takarda.

Farfesa ta ce, "Mene ne wannan?"

"Ragowar yanka ce, ranki ya daɗe."

"Na gani. Naman mutane ne, a cikin robar man shafawa, a lokar ma'aikaciya. Wa za ki kai wa?"

"Mahaifiyata."

Ta cire tabaranta ta dube ni. Na yi ƙoƙarin bayani, kalmomin suka watse mini. Abin da na iya cewa kawai shi ne yayata tana ciki, ban san wacce ba, kuma ba shara ba ce. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce matan nan amana suka ba da namansu, kuma dokar wurin ita ce ko ƙwayarsa ba ta fita daga inda aka san tana nan. Ta ce kwamiti zai zauna. Zai iya mayar da ni gida, zai iya dakatar da aikin Lafia gaba ɗaya. Kafin nan kada in shiga ɗakin yanka.

Na ce, "Robar fa?"

"Bisa ƙa'ida wuta za ta shiga. Zan riƙe ta har kwamiti ya zauna. Ban yi miki alkawarin fiye da haka ba."

Kwanakin da suka biyo baya a rumfar Umma na yi su, ina wanke mata kofuna don kada in zauna ni kaɗai. Ba ta san me ya faru ba. Ta dai riƙa ƙara mini madara a shayi. Juma'a ta zo ban kira gida ba.

A nan Mina ta same ni. Ta zauna a benci, babu dariya a fuskarta. Ta ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Kin ce miya zan yi."

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce su ƙona mamatansu suke yi, kuma a wurinsu girmamawa ce. Amma da mahaifinta ya rasu, washegarin ƙonawa yayanta da baffanninta sun koma sun durƙusa suna tsince ƙasusuwan da suka rage a cikin toka, har mafi ƙanƙanta, suka kai ruwa. Ta ce kakarta ba ta ci abinci ba sai da aka rantse mata ba a bar komai ba.

Ta ce, "Ku ƙasa, mu ruwa. Amma tsofaffinmu ɗaya ne. Tashi mu je."

Ita ta yi wa Farfesa bayanin da na kasa yi. Farfesa ta kira Dakta Awazi a waya mai hoto. Dakta ta ce, "Hajara, ke ma dai da wahala! Sai ki kira ni mana." Sannan ta juya Turanci ta gaya wa Farfesa gaskiyar magana: tun da jita-jita ta bazu, bencin gwajinta babu kowa, mata sai ciwo ya ci ƙarfinsu suke zuwa, kuma tsohuwar nan, Innarmu, in ta ce a zo za a zo. Farfesa ta ce tana so ta ga tsohuwar.

Washegari Dakta ta je gidanmu da wayarta. Inna ta kara fuskarta da wayar har hancinta kawai muke gani. Ni nake fassara.

Inna ta ce, "Ki gaya mata ni ma aikina ke nan, karɓar abin da ya fito daga jikin mace. Ban taɓa jefa na kowa a bola ba."

Farfesa ta ce, "Ki tambaye ta, in ta karɓi haihuwa, sai ta ga mai taimaka mata ta ɓoye mabiyiya a jakarta ba ta gaya wa kowa ba, me za ta ce?"

Na fassara. Inna ta ce, "Sai in ce mayya ce." Ta ja wayar baya, muka ga fuskarta duka. "Matar nan tana da gaskiya. Hajara, kin yi wauta. Abu na amana ba a yin sa a ɓoye. Ki ba ta haƙuri. Amma ki ce mata har yanzu ina jiran 'yata."

Ranar na fara ganin murmushin Farfesa.

Kwamiti ya zauna. An tsawata mini, kuma na cancanta. Amma Farfesa ta nuna musu cewa naman da aka daskarar a kaki ba ya ɗauke da cutar da za ta kama wani, kuma yarjejeniya ta ce a mayar da abin da ya rage, ba wanda dai ya tuna da ɓurɓushi. Suka yarda. Aka juye robata a cikin kwalbar da ta dace, aka rufe, aka ba ta wuri a kabad ɗin ajiya. Daga nan duk wanda zai yanka dunƙulen Lafia, ni ko Mina, a cikin kwalbar yake share tirensa, a gaban kowa. Mina takan ɗaga burushi ta ce, "Najeriya, duba, ko ƙwaya ban bari ba, kada tsohuwarki ta ce mini mayya."

Juma'ar da ta biyo baya Inna ta ce, "Tana nan?" Na ce, "Tana nan, Inna." Wannan karon da ƙarfi na faɗa.

Daga nan aikin ya miƙe. Ranar da muka gama zuba wa gilasan Lafia sinadarin alamar, Farfesa da kanta ta zauna a madubi, ta daɗe tana canza gilashi. Sai ta tashi ta ce in zauna. A wasu gilasan komai shuɗi ne, lafiya lau. A wasu kuwa ƙwayoyin sun rine ruwan ƙasa, kamar an zuba musu shayi mai kauri. Waɗanda suka rine sosai su ne masu sankara, da waɗanda likita ya ce suna dab da ita. Abin da suka gani a matan ƙasarsu shi ya fito a namu. Ɗakin ya kaure da tafi, Mina ta rungume ni har ta kusa kayar da kujera. Farfesa ta ce mu yi a hankali, wannan ba magani ba ne, kuma da sauran bincike a gaba. Amma yana taimaka wa likita ya san wadda zai fara yi wa magani, tun ana iya cire ɗan wurin da ya lalace mace ta koma gidanta. Ni dai na kasa tafi. Na san ɗaya daga cikin masu ruwan ƙasar nan Yaya ce.

Ranar tafiyata Umma ta cusa mini ƙullin ganyen shayi a jaka, ta shafa kaina tana addu'a da yarenta, ina cewa amin da nawa.

Na iso Lafia da dunƙulen, da kwalbar, da gilasan, da takardun izininsu. Dakta, wadda ita kaɗai ta san lambar kowa, ta kira iyalai ta mayar wa kowa nasa. Kwalbar ce ba ta rabuwa. Zafin hanya ya sa ɓurɓushin ya manne, ya zama curi ɗaya. Dakta ta yi musu bayani. Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Tibi daga Agyaragu, wadda ita ma ta rasa 'yarta, ta ce, "Yarinya nawa ya tafi tare da naku, a bar su tare." Wata Bafulatana da tata 'yar ta warke ta ce ita ma ta yarda. Ba wadda ta ƙi.

A bayan ɗakin Inna aka yi, a gindin mangwaro, inda ta binne mabiyiyar Yaya ranar da aka haife ta. Kawunmu ya haƙa ramin ya koma zaure. Inna ta naɗe dunƙulen Yaya da curin a farin ƙyalle ta sa da hannunta. Musulmi suka yi addu'arsu, Kiristoci suka yi tasu. Ba a yi kuka mai ƙarfi ba.

Da mutane suka watse Inna tana wanke hannu ta ce, "Duka ke nan?"

Na ce, "Saura yanka ɗaya, Inna. Yana manne a jikin gilashi. Da shi za mu riƙa gwada na sauran mata, mu gane alamar. Amma in kin ce a binne, gobe zan kawo gilashin."

Ta yarfe hannunta. "Ba a ɓoye ba wannan karon."

"Ba a ɓoye ba."

"Zan je in gan ta."

Da safe ta yafa mayafinta muka hau keke zuwa asibiti. Dakta ta zaro gilashin ta ɗora a madubi. Na nuna wa Inna yadda za ta kanga idonta, na murza mata har ya fito. Ta daɗe a sunkuye.

"Wannan mai ruwan ƙasar shi ne ciwon?"

"Alamarsa ce, Inna."

"Da an gan shi da wuri fa?"

Dakta ce ta amsa. "Mama, rai na Allah ne. Amma da yawa in an gani da wuri suna warkewa."

Inna ta ɗago. Ta goge idonta da bakin mayafi, ta ce madubin ne ya sa mata ruwa. Ta dubi ɗan gilashin nan a tafin hannun Dakta.

"A bar wannan," in ji ta. "Rakiya ba ta taɓa iya zama babu aiki ba."

Ta leƙa waje. Ban san ta aika a gaya musu ba, amma bencin ya cika da matan unguwarmu, wasu a tsaye da goyo, wasu sun zauna a kan zannuwansu a baranda. Ɗaya ta ce, "Inna, da zafi?"

"Ke da kika haifi tagwaye a hannuna kike tambayar zafi? Ku jira, yanzu zan gaya muku."

Ta cire mayafinta ta miƙo mini, ta juya wajen Dakta ta ce, "Ina gadon?"